Taku Goma Sha Uku

A Burnley, layin da gidaje ke jingine da juna
kamar masu jin sanyi,
Mista Ormerod ya miƙo mini makulli.
Mako bakwai yana asibiti.
Ɓarin hagu ya tafi, rabinsa ya dawo.

Ban tambaye shi komai ba.
Na bar dokin ƙofa ya yi tambayar.
Ƙafa ta ja, ta yi gardama, ta haye.
Na rubuta a zuci.

Na ce, haɗa mana shayi.
Shayin ba don sha ba ne.
Ina duban ko zai tuna da wuta,
ko idonsa zai ga cokalin da ke hagu,
ko zai saki sanda kafin ya dafa tebur.
Kofi ya cika, hannu bai sani ba.
Ya goge da bakin riga, ya dube ni
duban wanda aka kama.

'Yarsa Bryony ta bugo daga Leeds:
kada a bar shi shi kaɗai.
Gaskiyarta.
Fom ma yana bayanta, gurbi huɗu sun ce haɗari.
Asibiti na son gadonsa kafin Juma'a.
Kowa ya kawo kayansa, ni ce sikeli.

Sai na bi idonsa ta taga,
can ƙarshen fili, ɗakin tantabaru.
Shekara arba'in yana sakinsu suna dawowa.
Wa ke ba su hatsi?
Maƙwabci, in ji shi. Bai san sunayensu ba.

An koya mini auna kafaɗa, ƙirga daƙiƙa.
Ba wanda ya faɗa mini nauyin tantabara.
Kakata a Gumel takan ce
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
To, amma wani lokacin ruwan
ta ɓarin da ba ya gani yake zuba.

Na naɗe dardumar falo.
Gado zai sauko ƙasa, bene ya jira.
Ƙaramar buta, ƙarfen dafawa a bango,
mai taimako safe da yamma.
Muka ƙirga daga ƙofar baya zuwa tantabaru:
taku goma sha uku, hutu biyu.
Wannan ne aikinmu, na ce. Sauran su biyo baya.

A mota na daɗe ban tayar ba.
In ya faɗi, sunana ne a ƙasan takarda.
Yayyafi ya fara.
Na sake karanta abin da na rubuta,
ban goge ba.