Alwashin Farangis

Tun daren jiya na jiƙa shinkafa,
mudu uku, yadda na tarar a littafinki
da rubutun nan naki mai karkata hagu.
Kashan na barci. Ni da tukunyar tagulla
muna kallon juna a tsakar gida
kamar baƙi biyu a zaman makoki.

Shekara ashirin da ɗaya kina cika alwashi,
tun ranar da zazzaɓi ya saki Kambiz.
Nawa aikin hura wuta da cin ƙanzo.
Ban taɓa tambayar ki yadda ake yi ba.

Shinkafa ta fashe, ta saki jiki.
Na daka za'afaran a ɗan turminki,
ja wur a tafin hannu,
da ya faɗa tukunya sai ya koma hantsi.

Mahrukh ta leƙo ta kan katanga:
"Agha Bahman, dakata da sukarin nan!
In ya riga laushi shiga,
shinkafa ta ƙi ka har abada."
Ta zagayo da mayafi a haƙora,
ta ƙwace muciya ba ko sallama.

Sai ga unguwa ɗaya bayan ɗaya.
Kowa ya juya sau uku, leɓe na motsi:
mai neman haihuwa, mai ɗa a bakin iyaka,
yaron mai burodi da jarrabawa a gaba.
Da layi ya zo kaina na juya, na juya,
na rasa abin roƙo.

Ruwan wardin Ƙamsar, rabin kwalba.
Man shanu. Lauz da na fere da dare,
wasu sirara, wasu kamar tsinken gini.

Kwano arba'in a jere bakin tafki.
Ke da garin kirfa tsakanin yatsu biyu
kike zana sunayen bayin Allah, ba gyara.
Ni sunanki na gwada,
ya fito kamar sawun tattabara a kan rairayi.
Na bar shi haka.

Sholezard ya bi ƙofa ƙofa kafin azahar.
Tsohuwar ƙarshen lungu ta ɗanɗana,
ta ce, "Ya ɗan kama a ƙasa.
Nata ma haka ya yi shekarar fari."

Yanzu magariba. Kwanuka sun dawo,
ɗaya da rumman a ciki.
Ina kankare gindin tukunya da cokali,
ƙauri da zaƙi,
ba wanda zai ce mini in rage masa.