Sawun Magani

A Tartu, hawa na uku, ƙarfe biyun dare,
dusar ƙanƙara ta rufe gadar kogi.
Leelo ta karɓi jinin wani yaro, Uku,
bai cika cokalin shayi ba.
Farfaɗiya ce. Likita na jiran lamba:
in magani ya gaza, jiki ya jijjiga,
in ya zarce, waraka ta koma dafi.

Jini kuwa kamar kasuwa yake ranar da ta ci.
Ga gishiri, ga kitse,
ga madarar da ya sha da yamma,
ga dangin maganin da hanta ta sassaƙa,
masu kama da shi kamar an tsaga kara.
Wa zai kira mutum guda cikin wannan hayaniya?

Awon jiya ya ce magani ya yi yawa.
Leelo ba ta yarda ba.
Rariya ba ta san suna ba, girma kaɗai ta sani.

Sai ta ɗauko bututu, tsawon ɗan yatsa,
cikinsa farin gari
da aka ƙera da maganin a jikinsa,
aka wanke, ya bar gurbi,
kamar sawu a laka bayan ta bushe.
Ba ƙafar da za ta zauna daram
sai wadda ta taka.

Ta juya jini a na'ura har ja ya kwanta,
ta kwashi ruwan sama mai launin zuma.
Ta jiƙa gari. Ta ɗiga
a hankali, don gaggawa ta sha ɓata mata dare.
Wankin fari ya tafi da gishiri,
na biyu ya kori 'yan kama, suka fice ba sallama.
Na uku mai kaifi ne, shi ya ce wa baƙo fito.

Shayinta ya huce a bakin taga.
Allo ya ja layi, shimfiɗe, shimfiɗe,
sannan tsauni guda, siriri, ba maƙwabci.
Ta auna tsayinsa sau biyu.
Rabin abin da aka faɗa jiya.

Ta buga waya: Vahur, kar ka rage masa.
Shiru, sai ƙarar alƙalami yana soke rubutu.

A hawa na biyar uwar Uku na gyangyaɗi a kujera,
takalmin ɗanta ɗaya a cinyarta.
Ba ta san Leelo ba, ba kuma za ta sani ba.
Leelo ta sake safar hannu.
Saura jini goma sha ɗaya a layi,
ga rana ba ta da niyyar fitowa kafin tara.