Kilo Goma Sha Takwas

A garejin Farin Gada, gindin mangwaro,
Davou ya buɗe gaban Golf ɗin da Baba ya bar mini,
ya tallabo tsohon batir da hannu biyu
har jijiyar wuyansa ta miƙe.
Muka ari sikelin mai tumatir:
kilo goma sha takwas.
"Malama Zulai, dutse kike yawo da shi."

Sabon kuwa da yatsu uku ya ɗauko,
kamar burodin shayi.
Na ce, "Wannan ɗan abin
zai tashi mota da asubar Jos?"
Bai tanka ba.
Ya ja jar waya ta ƙarƙashin kujera,
ya kai shi but, ya ɗaure can dama,
tunda ni hagu nake zama.
"Ba duk nauyi ake kora ba," in ji shi,
yana goge baƙin mai a wando.
"Wani, mazauni ake sauya masa."

Ranar Asabar na gangara Hawan Kibo.
Kwanar nan da kullum hancinta ke nutsewa,
sitiyari na kokawa da ni,
yau sai ta lanƙwasa salin-alin.

Na tsaya wurin masu ayaba.
Na kira Mudi a Bukuru:
"Kuɗin maganin Inna,
daga watan nan, naka ne."
Ya yi shiru, har na ɗauka layi ya yanke.
Can ya ce, "To, Yaya."

Tsohon batirin yana nan.
Da shi Davou ke tokare ƙofar shago.