Ƙidayar Dariya

A Oulu rana sai ƙarfe goma take leƙowa,
ta yi gaisuwar tsaye ta koma.
Cikin wannan duhun Eetu ya cusa ƙanƙara
a wuyan rigar Jalmari, karo na huɗu a mako guda.

Ni ce malamarsu.
Na yi faɗa, na rubuta wa iyaye, na hana shi fita wasa.
Ɗiban ruwa da kwando.

Sai ga Dokta Rautio daga jami'a,
takalminta jiƙe, jakarta fal da takardu.
Shekara goma sha ɗaya tana bin yara tun suna rarrafe,
tana rubuta wa ya ciji wa, wa ya ture wa,
wa ya daina da ya iya magana, wa ya ƙi dainawa.
Ta ce, "Bar kallon hannun da ya yi duka.
Gobe tsaya a taga, ki ƙirga masu dariya."

Na ƙirga. Tara.
Shida sun duƙar da kai suna gyaran safar hannu.
Siiri ta buɗe baki, ta rufe.

Ashe makaɗi ba ya cika fili shi kaɗai.

Ta nuna wa Eetu hotuna:
yaro ya taka ƙafar yaro a layin abinci,
madara ta zube a kan littafi.
"Da gangan ne, ko kuskure?"
"Da gangan," in ji shi. Hoto takwas, amsa ɗaya.
Na ga yaron da duk kafaɗar da ta goge shi
mari ce a wurinsa,
sai fushina ya rasa wurin zama.

Muka ture tebura gefe kowace Laraba.
Ba mu ambaci sunan kowa ba.
Muka koyi taku biyar zuwa gefen wanda aka ware,
muka koyi haɗiye dariya, mai wuyar haɗiya.

Ran sha biyu ga Fabrairu ya sake yi.
Uku suka yi dariya, ta mutu a iska.
Siiri ta taka, ƙafarta na nutsewa,
ta kakkaɓe wuyan Jalmari, ba ta ce uffan ba.
Eetu ya waiga hagu, ya waiga dama,
sauran ƙanƙarar na narkewa a tafinsa.

Ban ce an gama ba.
Jalmari har yanzu bangon makaranta yake bi.
Ni kuma ina taga, kofina ya huce,
ina ƙirga.