Rabin Magana a Bayan Mota

Da hantsi Farfesa Hammayo yana aji,
alli a hannu, yana ja wa kuskuren Turancinmu layi biyu
kamar mai shimfiɗa dogo.
La'asar na yi sai kwat ta koma jikin ƙusa,
ya ce, "Ɗanjuma, ɗauko rikoda,
a duba batir."

Tashar jirgin Gombe muke zuwa.
Ba jirgi. Awaki ke kiwo tsakanin ƙarafa,
wata mata ta shanya kuɓewa a kan dakali.
Baba Yila, tsohon mai ba jirgi hannu, yana nan,
jar tutarsa ta koɗe, ta zama hankici.

"Ba ni labarin gadar nan."
"Ai na ba ka bara."
"Bara ka ce mace ce da ƙwarya ta tare jirgi."
"To, bana tunkiya ce. Aljani kama ɗaya gare shi?"
Farfesa ya yi dariya har tabarau ya zame,
ya rubuta duka biyun, bai soke ko ɗaya ba.
Shi da ke kayar da mu a kan waƙafi.

Abokan aikinsa suka ce, me ya haɗa kifi da kaska?
Ina Turanci, ina jakin fatake?
Ya ce, "Tatsuniya gurguwa ce, ɗauko ta ake yi,
a kan mangala, a taragon auduga,
a bakin yaron mota mai barci kan buhu.
Ni wanda ya biya mata kuɗin mota nake nema."

Bai taɓa gaya mini ba, a kaset na ji:
ubansa ne ke zuba wa injin kwal,
ya kan dawo gida baƙi ƙirin, da rake da labari,
ran nan raken kaɗai aka kawo.

Wata damina muka bi gingimari tun daga Kumo,
don kawai ya karanta abin da ke bayanta.
Laka ta cinye rabi.
"In ka riga ni..." Nan ta tsaya.
Direban ya sha kwana, mu mai ya ƙare.
Shekara tara yana tambayar sauran
a tasha, a wurin masu faci, a teburin mai shayi,
kowa ya ƙarasa masa da nasa.
Ya tara goma sha bakwai, bai yarda da ko ɗaya ba.

Watan jiya, bayan sadakar arba'in ɗinsa,
na je Dadin Kowa sayen kifi.
Ga ta a bayan gareji, ba taya, kaji na kwana a ciki,
ruwan sama ya wanke ta tas:
"In ka riga ni, ka ce ina tafe."

Na laluba aljihu. Ban zo da biro ba.