Igiya Mai Ƙulli Uku

Na shigo Castro da ruwan safe a wuyana,
babur ɗin Baba yana tari
irin wanda shi ma ya yi a damunarsa ta ƙarshe.
A aljihuna akwai igiya mai ƙulli uku:
na fari faɗin ƙarfen hagu,
na biyu faɗin na dama,
na uku tazarar ramukan noti.

Ƙarafan nan, Eliodoro Chiguay ne ya yi musu walda
a rumfar da yake gyaran kwale-kwale,
da ragowar gadon da aka haife ni a kai.
Na dama ya ɗara na hagu tashi da yatsa biyu.
Ba kuskure ba ne, in ji shi.
Ban nemi dalili ba. Na ɗauka da sauran lokaci.

Don Olegario mai shago ya ja ni gaban akwatunan goran ruwa,
masu ƙyalli, masu makulli,
kowanne sai ya haɗiye ɗan tunkiya har da kukansa.
Ya ce, Brunilda, a yanke tsoffin ƙarafan nan,
tsatsa ta riga ta ci rabonta,
sababbi na zuwa da nasu maƙali.
Na ce a'a.
Ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na ce shi ya sa ban zo da ido kaɗai ba,
na ajiye igiyata a kan kanta.

Sai na zazzage abin da nake yawo da shi tsibirin nan:
akwatin sanyi na allurai,
ma'aunin hawan jini,
littafin sunayen tsofaffi arba'in da ɗaya,
takalmin roba, burodi, fitila,
da rigar ulu da ba ta taɓa bushewa sarai ba.
Duk jakar da ta ƙi waɗannan, ta ƙi ni.

Ta fata ta yi kyau, amma ruwan Chiloé ba ya jin kunyar kyau.
Wata ta yi ciki, ƙugiyarta ta ƙi kaiwa ƙulli na uku.
Wata ta hau daram, sai dai ko burodin sai an lanƙwasa.
Wanda ya haɗiyi taɓarya zai kwana tsaye,
wanda ya sayi ƙarama kuma zai sawu biyu.

Can ƙasan tari, bayan tayoyi,
mangalar tamfol, toka-toka, ba mai kallonta,
maɗauranta na matsawa gaba da baya.
Muka fita da ita cikin yayyafi.
Hagu ta zauna.
Dama ta zauna, ta sauko da nauyinta, ta sauko,
ta tsaya.

Don Olegario ya durƙusa a laka,
ya zura yatsunsa tsakanin gindin jaka da salansa.
Biyu suka shiga, cif.
Ya ɗago ya dube ni, ya ce,
wa ya yi waldar nan?

Ban amsa da wuri ba.
Na tsaya ina gyara maɗaurin da ba ya bukatar gyara.

Na biya, bai rage ko peso ɗaya ba,
amma ya ƙara mini noti huɗu da ba sa tsatsa.

Da la'asar na kai gidan Doña Herminda a bakin gaɓa.
Jininta ya sauka kaɗan.
Ta leƙa jakar dama, ta ga sauran wuri,
ta ce wuri ba ya zama banza a gidanta,
ta cika shi da dankali mai shuɗin ciki.

Babur ya karkata dama duk tsawon hanya.
A jirgin fito na taɓa gindin tamfol ɗin:
ɗumi kawai, kamar tafin hannu.