Rabin Maki

Filin ƙwallon lisenmu na Tawa ba shi da ciyawa,
sai jan yashi da sawun tayoyin motocin soja
da suka kwana uku a kansa farkon shekara
kafin su miƙa arewa.
Sawun bai goge ba. Balo in ta faɗa ciki
takan sake magana kamar dillalin albasa.

Agali kaɗai ya iya karanta shi.
Ya zo mana tsakiyar zango, da buhu guda da takardar shaida,
daga garin da aka rufe lakwal
ana tsakar darasi, alli bai ƙare ba.
Bai ba mu labari ba, mu ma ba mu tona ba.
Mushe Arzika ya dubi tsawon hannuwansa, ya ce: raga.
Madam Rakiya ta dubi kayensa na lissafi,
ta cire gilashi, ta goge, ta mayar.

Ni ne lamba huɗu.
A fili ina gabansa, a aji yana gabana.
Shekara biyar ba wanda ya taka mini wutsiya,
sai ga baƙo mai silifa kala biyu
ya tsere mini da rabin maki.
Rabi! Ko ɓarin goro ya fi shi auki,
amma ya hana ni barci har azumi ya wuce.

Ranar wasan ƙarshe da ƴan Ƙonni,
muna ɗaya, suna nema,
sai magoya bayansu suka iso a makare,
kabu-kabu ashirin a jere, ta bayan raga.
Mu mun ji babura.
Agali ya ji wani abu dabam:
ya zube rubda ciki, hannu bisa ƙeya,
balo ta wuce shi a hankali kamar tana neman gafara.
Ba wanda ya yi dariya. Ko ƴan Ƙonni
rabin murna suka yi.
Ya tashi, ya tofar da yashi,
ya ce mini: Sha'aibu, ka matsa hagu, kana rufe mini ido.
Da aka zo bugun daga kai sai gola
ya kama biyu, ta uku sawun taya ya kama masa.

An raba kyaututtuka ran Asabar, ƙarƙashin rumfar haya.
Darakta ya fara da wata takarda:
tsofaffin ɗalibai bakwai da suka sa kaki ba su dawo ba.
Na san biyu. Ɗaya shi ya koya mini tare ƙwallo da ƙirji.
Muka tsaya minti guda, lasifika tana tari ita kaɗai.
Sannan ya juya shafi, da muryar nan dai, ya ce:
na ɗaya a lissafi, Agali Alhuseni.
Tafi ya tashi, ya jira, ya gaji, ya zauna.
Tun Alhamis ya hau motar kasuwa;
an ce an ga mahaifiyarsa a wani zangon ƴan gudun hijira,
an ce wata ce mai kama da ita.

Ni na karɓar masa: ƙamus, bik shida, safar hannu ta gola.
Suna cikin akwatina, ƙarƙashin rigar Salla.

Jiya na sake tara makin jarrabawarmu, layi-layi.
Madam ta yi kuskure a shafi na uku.
Rabin nan nawa ne.
Ban gaya wa kowa ba.
Ina so ya dawo tukuna, ya zauna, ya sha ruwa,
in shimfiɗa masa takardun biyu a tabarma,
mu yi gardama har a kira magariba.